Moton 2836 a makamin robot ɗin faɗa: arha, ƙarfi, da maganaɗisun da ke son ɓallewa

Jama'a ga ra'ayina akan moton nan 2836 mara burushi da kusan duk sabon shiga ke fara saya don juya makamin robot ɗinsa. Ina maganar ƙananan robot ne na ajin da ake kira beetleweight, wanda a nan Ingila nauyinsa kar ya wuce kilo 1.5, a Amurka kuma fam 3 ne wato kusan kilo 1.36. Ba irin ƙattin BattleBots masu fam 250 da kuka gani a talabijin ba, waɗancan kuɗin makaminsu kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura. Nawa robot ɗin mai wuƙar kwance ne, ƙarfe ɗaya dogo yana juyawa a gaba, kuma moton a intanet na saya a wani shago da ba sai na kira sunansa ba, don dai kusan duk abu ɗaya suke sayarwa sai dai kowa ya manna tambarinsa.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani, wannan moton ba don faɗa aka yi shi ba. Na ƙananan jiragen sama ne na wasa masu rimot, aikinsa ya juya farfela mara nauyi a iska. Mu ne muka ɗauko shi muka ce ya juya ƙarfe ya kuma daki wani ƙarfen, to duk matsalarsa daga nan take tasowa.

Lambar ma tana ruɗa mutane. 2836 a nan tana nufin faɗin gwangwanin, wato jikin moton na waje, milimita 28, tsawo 36. Amma moton jirage marasa matuƙi (drone), irin su 2207, ba gwangwani suke aunawa ba, cikin moton suke aunawa inda aka naɗa wayar tagulla. Shagon da na saya ko kalma ɗaya basu rubuta akan haka ba, hoto ne da lamba kawai, kuma gaskiya wannan sakaci ne, don mutum zai iya zana robot ɗinsa gaba ɗaya kaya su iso ya tarar moton bai shiga ramin ba. Nauyinsa wajen giram 70 ne, sandar tsakiya milimita 4, ya zo da ƙananan sukurori da wani ƙarfen ɗaurewa mai siffar kuros wanda mu ba ruwanmu da shi.

Ƙarfi kam akwai. Wannan ba zan rage masa komai ba. Na ɗauki mai KV 1500, ma'anar KV ɗin shine juyi nawa zai yi a minti ɗaya akan kowane volt idan ba a ɗora masa kaya ba. Batirin LiPo mai gida uku yana bada volt 11.1, kaga lissafi ya kai juyi 16,650 a minti. Idan ka sa mai gida huɗu, volt 14.8, ka haura 22,000. Anan ne samari ke rikicewa, kowa so yake lambarsa ta fi ta kowa, kuma akwai dalili tunda ƙarfin da wuƙa ke tarawa idan ka ninka gudunta sau biyu ninkuwa yake sau huɗu. Amma fa tara ƙarfi daban, sauke shi a jikin abokin karawa daban.

Bari in nuna da lissafi don shine abin da yafi komai muhimmanci a wajena. A ce robot ɗinka yana tunkarar wancan da gudun mita 2 a sakan, wuƙarka mai baki biyu ce. In ka haɗa ta kai tsaye da moto tana juyi 16,650, baki yana wucewa sau 555 a sakan, wato tsakanin baki da baki robot ɗin bai matsa gaba ba sai milimita 3.6. Me za ka cafka da milimita 3.6? Gurza kawai za ka yi, tartsatsi ya tashi 'yan kallo su yi ihu, shi kuma wancan ko a jikinsa. Amma in ka rage gudun da rabi ta hanyar fuli da bel, ƙaramin fuli a moto babba a wuƙa, ka dawo wajen 8,300, cizon ya haura milimita 7, in kuma ka yanka wuƙar mai baki ɗaya ka daidaita nauyin ɗaya gefen sai ya kai 14. Wannan shine dukan da ke ɗaga robot sama. Kuma ko a 8,300 ɗin, wuƙa mai tsawon santimita 15 bakinta yana gudun kusan kilomita 235 a awa, to me kuma ake nema.

Shi ya sa nake cewa moton nan a bayan bel yake da kyau. Bel zagayayye na roba nake amfani da shi, ba mai haƙora ba, saboda idan wuƙa ta daki abu ta tsaya cak bel ɗin zamewa yake akan fuli maimakon girgizar ta koma cikin moto, kamar dai bel ɗin injin markaɗe idan dutse ya shiga. Mai haƙora yafi saurin tashi babu gardama, sai dai duk abin da wuƙa ta ji moton ma zai ji. Wasu suna cusa moton cikin makamin kansa don rage nauyi, yana yi, amma ba da wannan yadda ya fito daga kwali ba, sai an cire sandar an sa mai kauri da manyan boris, aikin masu injin gyaran ƙarfe ne wannan.

Yanzu ga inda ya ban haushi. In ka cire gwangwanin ka leƙa ciki za ka ga maganaɗisu jere a bango, yawanci 14, kowanne an ɗiga masa ɗan gam kamar ana jin tsoron ya ƙare, tsakaninsu kuma fili ne. A jirgi wannan ya isa. A faɗa kuwa duka ɗaya mai kyau sai ɗaya ya ɓalle ya matso jikin ɗan uwansa, ko ya tsage gutsuren ya shiga tsakanin gwangwani da kwayil, wato naɗin wayar tagullar, sai ka ji moton yana ƙara kamar ana tauna tsakuwa, nawa haka ya yi, da na buɗe baƙin gari ne ya zubo a tafin hannuna. Maganin sananne ne a wajen masu harkar: ka wanke cikin da sifirit, ka kwaɓa gam mai haɗi biyu irin Araldite wanda yake daɗewa kafin ya bushe, ka cike duk filin da ke tsakanin maganaɗisun, ka goge wanda ya taso sama don kar ya taɓa kwayil, ka bar shi ya kwana. Wanda na yi wa haka har yanzu lafiya lau. Haka ɗan kilif ɗin da ke riƙe sandar a baya, siriri ne ƙwarai, yana iya tsalle ya fita gwangwani ya zame, gara a sa masa zoben ƙarfe mai sukuru. Shi ma ƙaramin sukurun da ke ɗaure gwangwani da sanda a sa masa gam ɗin sukuru shuɗi, in ba haka ba girgiza za ta kwance shi. Wayoyi ukun da ke fitowa daga ciki su ma a ɗiga musu gam a gindi.

Sai ESC, wato ƴar na'urar da ke ba moton wuta daidai da umarnin rimot. Moton ba shi da firikwensin da zai faɗa mata inda yake, daga wutar da yake mayarwa take ganewa, shi ya sa a farkon tashi da kaya mai nauyi wani lokaci sai ya yi ta karkarwa yana ƙi-ƙi-ƙi bai juya ba. Mutane sai su zagi moto alhali saitin ne. Na haɗa shi da mai amfiya 40 mai manhajar AM32, wadda kyauta ce kuma jama'a suka koma mata sosai tun da aka daina BLHeli_32 a 2024, na sassauta yadda take tura wuta a farko, karkarwar ta tafi. In ka ga wuƙar tana juyawa baibai ba sai ka kwance komai ba, musanya waya biyu cikin ukun kawai.

Zafi kuma yana yi, amma wasa minti 3 ne, in bel ɗin bai ɗaure tamau ba yana kaiwa ƙarshe. In ka ji warin ƙonewar kwayil to ko fulin moton yayi girma ko wuƙar tayi nauyi. Ita wuƙar tawa ƙarfen AR500 ce, Hardox ma yana yi, kar dai a sa ƙarfe mai laushi don baki ɗaya zai lanƙwashe a karon farko.

Wa ya kamata ya saya? Wanda zai yi mai wuƙar kwance ko faifan tsaye da bel, kuma ba ya ƙyashin zama ya yi aikin gam, ya sayi biyu ma tun farko don kar a kira sunansa a fili yana neman aro. Wanda yake son ya ɗaura ya shiga kawai, ya ƙara kuɗi ya nemi wanda aka ƙera musamman don faɗa wajen masu sayar da kayan robot irin su FingerTech na Kanada ko Repeat Robotics na Amurka.

Don Allah kuma kar wanda ya gwada wannan abu akan tebur ko tsakar ɗaki. A sa shi cikin akwatin gwaji mai murfin folikabonet, wato roba mai ƙarfi da ake ganin ciki, a soka ƙarfen kulle makami kafin a haɗa batir, a kuma tabbatar in rimot ya mutu wuƙar tsayawa take. A gasannin ƙungiyar Bristol Bot Builders ta nan Ingila sai sun duba wannan kafin su bar robot ya shiga fili.