Takalmin Rawar Biki: Wanne Ya Dace da Ƙafarki?

Yawancinmu idan za mu sayi takalmin biki, launi muke fara dubawa, ko ya shiga da leshi. Shi ya sa ana tsaka da liƙi sai ki ga ƙawar amarya ta tuɓe nata ta riƙe a hannu, ya ci mata ƙafa. A ganina tambayar farko ita ce, a kan me za a taka rawar? Katako ne, tayil ɗin ɗakin taro ne, ko simintin tsakar gida? Amsar ce za ta zaɓa miki ƙasan takalmi.

Takalman da aka ƙera musamman don rawa irin su salsa da rumba, ƙasansu fata ce mai laushi mai ɗan gashi-gashi. Tana barin ƙafa ta juya cikin sauƙi, ba ta zame ba, ba ta kafe ba. Roba kuwa kama ƙasa take yi: jiki ya juya, ƙafa ta tsaya, gwiwa ta sha murɗa. Tsofaffin kamfanoni irin su Capezio, wanda aka kafa a New York a 1887, da Bloch, wanda ya fara a Ostiraliya a 1932, sun yi suna a wannan sana'a. Irin wannan takalmi ba shi da nauyi, gabansa na lanƙwasuwa, tsawon dunduniyar na mata kuma yakan kai inci 2 zuwa 3. Sai dai ɗan gata ne. Ruwa da yashi da siminti suna lalata ƙasansa nan da nan, dole ki zo da shi a jaka ki sa a cikin ɗakin taro, kuma yana son a riƙa karce shi da burushin waya.

Wanda na fi so wa mai zuwa biki shi ne irin na 'yan wasan dandamali: rufaffen gaba, madauri a kan ƙafa, dunduniya mai kauri inci ɗaya da rabi zuwa 2, ƙasansa fata mai tauri. Yana jure tafiya daga mota zuwa wurin zama, yana jure tsayuwar ɗaukar hoto, madaurin kuma ba ya barin ƙafa ta fice. Sabonsa na da santsi a kan tayil, don haka ki ɗan goga ƙasansa a siminti tukuna.

Akwai kuma kambas ɗin rawa mai rababben ƙasa. Ya yi wa masu koyon rawa da atisaye, amma ba ya tafiya da kwalliyar biki.

Kada a raina aikin gida. Mai faffaɗar ƙafa ta fi samun biyan buƙata a wurin baduku, domin zai zana ƙafarta a takarda ya yanka fata daidai da ita. Ki dai tabbatar ɗinki ya yi, ba gam kaɗai ya shafa ba, sannan ki ajiye takalmin a kan tebur ki ɗan taɓa shi. In ya yi rawa, dunduniyar ba ta zauna daidai ba, kuma targaɗe take jira. A gwanjo, irin na Ƙofar Wambai a Kano, ana dacewa da fata mai kyau da araha, amma ki duba ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, domin takun mai shi na farko ya riga ya zauna a ciki.

Awo shi ne inda aka fi yin asara. Ki gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ki gwada duka biyun, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ki miƙe tsaye, ki yi ɗage, ki juya. In dunduniyarki tana fita, ya yi yawa. In yatsu sun hau kan juna, ya matse. Takalmin rawa kama ƙafa yake yi sosai, fiye da na yawo, amma ba ya ciwo. Mai shago zai ce miki "Hajiya, zai buɗe." Fata tana buɗewa ta faɗi kaɗan, amma tsawo ba ya ƙaruwa, roba da yadi mai sheƙi kuwa da ƙyar suke buɗewa.

Mai saye ta intanet ta auna ƙafarta da santimita ta duba jadawalin kamfanin, domin lamba ta bambanta: 38 ta Turai ita ce kusan 5 ta Ingila. Ta kuma tambayi sharaɗin mayarwa kafin ta biya.

Ango da abokansa, takalmi mai igiya da ƙasan fata da dunduniya inci 1 ya wadatar.

In kin saya, ki riƙa sa shi a ɗaki na 'yan kwanaki kafin biki, kuma ki tafi da shi wurin tela ranar awo, don a yanke tsawon rigar daidai da dunduniyar da za ki taka.