Tumatirin miyar taliya: wanne za ki ɗauko daga kasuwar Farin Gada ta Jos?

Uwargida, miyar taliya ba irin jar miyar shinkafa ba ce da za ki cika mata tattasai ya rufa mata asiri. Ita tumatir ne gaba ɗayanta, sai albasa, tafarnuwa, mai da gishiri. In tumatirin bai yi ba, ko nama kilo guda kika zuba ba za ta gyaru ba. Shi ya sa aikin yake farawa tun daga kasuwa.

Ni dai irin tumatirin da ake kira UTC nake saya, in babu shi sai ɗan'uwansa Roma. UTC ɗin dogon nan ne mai siffar ƙwai, wanda in kika riƙe shi za ki ji nauyi da tauri a tafin hannu. Ki roƙi mai kayan ya yanka miki ɗaya. Za ki ga tsoka mai kauri, 'ya'ya kaɗan, ruwan kuma ba ya bin wuƙa yana ɗiga. Amfaninsa a tukunya yake fitowa: cikin minti 40 zuwa awa ɗaya a wuta kaɗan ya yi kauri, mai ya taso sama, miyar ta kama jikin taliya maimakon ta kwanta a ƙasan faranti tana tsatstsafo da jan ruwa. Mutanen Italiya ma irin wannan dogon suke nema, San Marzano da ake nomawa kusa da Nafoli. Kilo ɗaya na UTC yana isar ledar taliya mai giram 500. Ɓawonsa kuma ba ya ba da wahala. Ki ɗan tsaga gindinsa da wuƙa, ki jefa a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, ki tsame zuwa ruwan sanyi, sai ki ga fatar tana saluɓewa da kanta. Daga nan murje shi da hannu ya wadatar, ba sai an je inji ba. In ya nuna sosai har wajen hancinsa ya yi ja, ba kya bukatar kanwa don kashe tsami. Albasa da aka soya a hankali har ta yi laushi, da ɗan karas da aka goga, sun isa. Kanwa tana dusashe launin miya, ta kuma kawo wani ɗanɗano da bai dace da taliya ba.

Kewayayyen nan mai ruwa da yake yawaita da damina, gas ɗinki kawai zai cinye. Manyan nan masu sheƙi na gonakin rumfa, da ake jerawa a manyan shaguna, na salak ne, kuma kuɗinsu ya fi ɗanɗanonsu. Kauɗa tana da ranarta a miyar tuwo, amma a nan baƙi take sa miya. Na gwangwani da na leda, cokali ɗaya don ƙarin launi, iyakarsa ke nan.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Janairu zuwa Maris kayan noman rani na Kano, Katsina da Kaduna suna cika kasuwa, farashi ya faɗi, a lokacin ne ya kamata ki sayi kwando ki dafa ki adana a firiza. Da damina kaya suna ƙaranci. Wadda ta ga 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta san yadda farashinsa yake tashi dare ɗaya.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Kada ki taɓa sayen kwando saboda kyan samansa. Wani dillali ya taɓa sayar mini da kwando wanda samansa jajir, kowanne kamar an zaɓa. Da aka juye a gida, daga tsakiya zuwa ƙasa fasassu ne, wasu da farin fumfuna, gindin kuma an yi masa shimfiɗar ganye mai kaurin tafin hannu. Ki tsaya a juye miki a wani kwandon a gabanki. In ya ce "Hajiya, ai ba a juyewa, zai fashe," ki ce masa Allah ya ba da kasuwa, ki wuce. Ki duba gindin kwandon ko yana jiƙe, ki sunsuna, warin tsami ba ya ɓuya. Ki je da safe, lokacin da ake sauke kaya, kafin rana ta dafa su.

Fasasshen da ake tarawa gefe ana karyar da kuɗinsa, don Allah ki bar shi. Gubar da wasu fumfuna suke fitarwa tafasa ba ta kashe ta, kuma yaranki ne za su ci. Araha irin wannan ba ta ado.

Sai markaɗaɗɗen da ake ƙullawa a leda. Ba ki ga abin da aka zuba a injin ba, kuma sau da yawa fasasshen nan ne aka ƙara wa ruwa. Ko naki kika kai inji, ki sa a wanke shi tukuna, don ragowar wake ko attarugun wadda ta riga ki zai bi miyarki. Na leda da ba a san kamfaninsa ba kuwa, akwai wanda sitaci da kala suka fi tumatir yawa a cikinsa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In kina shakka, ki dama kaɗan a ruwa ki ɗiga masa aidin: in ya koma shuɗi mai duhu, da sitaci a ciki. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki, ki mayar wa mai shago ko da kyauta ya ba ki.