Ka ci jarrabawar ƙarin matsayi: ka riƙe tsohuwar lambar kira ko ka sauya?

Ranar da na ci jarrabawar Extra, matakin ƙoli na lasisin masu rediyon sha'awa a Amurka, ɗaya daga cikin dattawan nan uku masu aikin sa-kai da ke duba takardu ya turo mini fom mai lamba 605, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan akwati, ya ce, "In kana son hukuma ta ba ka sabuwar lamba, sa alama a nan, ka rubuta harufan farko na sunanka a gefe." Tambaya 50 aka yi mini, ana neman 37, na haye. Murna ta cika ni, biro yana hannu, saura ƙiris in zana. Na kusa da shi ne ya ɗago kai ya ce, "Ɗan'uwa, je ka kwana a kai tukuna. Akwatin nan ba guduwa zai yi ba." Har yau ina gode wa wannan bawan Allah, domin a lokacin ban san komai ba game da abin da nake shirin yarwa da wanda za a miƙo mini.

A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ba ta taɓa lambar kiran mai rediyon sha'awa, wato harufa da alƙalumin da yake gabatar da kansa da su a iska, don kawai ya ƙara matsayi. Tun daga shekarar 2000 matakai uku ake bayarwa: Technician, General, sai Extra. Ko wanne ka hau, lambarka tana nan yadda take sai in kai ka nemi a sauya. Kuma sabon haƙƙinka bai jira sabuwar lamba ba. Da takardar shaidar cin jarrabawa a hannunka, a daren nan za ka iya hawa mitocin da aka buɗe maka, sai dai ka riƙa ƙara AG a bayan lambarka in General ka zama, ko AE in Extra ne, har sabon matsayin ya bayyana a kundin hukuma. Don haka babu abin da ke korar ka. Hanyoyi uku ne a gabanka: ka riƙe ta da, ka karɓi wadda ta zo a layi, ko ka biya ka zaɓi taka.

Kafin a kwatanta su, sai an san siffofin lambobin, domin nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Ana ƙirga harufan da ke gaban alƙalumin lissafi da waɗanda ke bayansa. Sabon shiga yakan sami harafi biyu a gaba, uku a baya, wato 2x3. Mai 1x3 ta fi ta gajarta, kuma Technician da General duk suna da ikon nemanta. Masu 2x2, 2x1 da 1x2 kuwa, a cikin matakan da ake bayarwa yau, Extra kaɗai ke iya taɓa su. Ma'ana, wanda ya tashi daga Technician ya koma General bai sami ko siffa ɗaya da ba shi da ikon nema a jiya ba. Mitoci ya samu masu yawa, amma a fagen lamba yana nan inda yake.

Riƙe tsohuwa ba ta cin ko sisi, ba ta cin lokaci. Mutane suna raina wannan zaɓi, ni kuwa ina ganin shi ne daidai ga rabin masu wannan tambaya. In ka shekara biyar kana shiga zaman hira na mako-mako, abokai sun haddace lambarka, an san ka da ita a kulob, ka buga katunan QSL, waɗanda ake aika wa juna don tabbatar da an yi tuntuɓa, to lambar ta zama suna. Wasu ma ba su san sunanka na yanka ba, da ita kawai suke kiran ka. Akwai 'yan Extra da dama da ke yawo da doguwar lambarsu ta farko shekaru talatin, ba wanda ya rage musu daraja. Aibinta ɗaya ne, kuma na gaske ne: tsawo. Alama shida ce za ka furta duk minti goma da kuma ƙarshen magana, kamar yadda doka ta ce. A hirar yamma wannan ba komai ba ne. A gasa, ko a cunkoson masu kiran wata tasha mai wuyar samu, kafin ka gama faɗin taka mai gajeriya ya shige ya fita.

Ta layi, wadda wancan akwatin ke bayarwa, ita ma kyauta ce, kuma tana zuwa tare da sabon matsayin. Amma ba ka da ta cewa. Kwamfutar hukuma za ta duba adireshinka, ta ga yankin da kake, ta miƙo maka wadda ke biye a jeri. Ga General, ban ga amfaninta ba ko kaɗan: lambobin 1x3 na layi sun daɗe da ƙarewa a yankunan ƙasar guda goma, don haka za ka bayar da 2x3 ne a ba ka wata 2x3, wadda ba wanda ya san ka da ita. Ga Extra akwai ɗan abin dubawa. Masu 1x2 da 2x1 su ma sun ƙare a layi, amma za ka sami 2x2, galibi mai farawa da A, a inda waɗannan suka ƙare kuma mai farawa da K. An rage maka harafi ɗaya ba tare da ka kashe komai ba. Sai dai caca ce. Tana iya faɗo maka da daɗin faɗa, tana iya zuwa da harufan da sai ka maimaita sau uku. Wanda bai daɗe da lasisi ba, bai kuma shaƙu da lambarsa ba, zai iya gwada sa'arsa. In ba ta yi masa ba, ƙofa ta uku a buɗe take.

Ta ukun ita ce lambar zaɓi, wadda suke kira vanity, kuma a nan maganar take da yawa. Tsarin ya fara a 1996. An taɓa cire kuɗinsa a 2015, amma tun 19 ga Afrilu 2022 kowace buƙata dala 35 ce. Za ka shiga shafin lasisi na hukumar da lambar rajistarka ta FRN, ka jera lambobin da kake so har guda 25, wadda ka fi so a sama, ka biya cikin kwana 10, sannan ka jira kimanin kwana 18. Abin da ya kamata ka sa a ranka tun farko: kuɗin na duba takarda ne, ba na lamba ba. Ka samu, ba ka samu ba, sun tafi.

Yaya mutum ke rasa su? Na farko, gaggawa. In ka nemi lambar Extra alhali kundin hukuma bai nuna ka zama Extra ba tukuna, za a yi watsi da buƙatar. Na biyu, rashin duba ranar. Lambar da mai ita ya bari, ko lasisinsa ya ƙare, ko ya rasu, ba ta komawa kasuwa sai bayan shekara biyu cif. Ka nema ana gobe za ta buɗe, ka yi asara. Na uku kuma shi ne cunkoso. Duk buƙatun da suka shigo rana ɗaya matsayinsu ɗaya, ba a duba wanda ya riga wani da awa, ƙuri'a ake jefawa. Lissafin ma kaɗai ya isa ya nuna maka inda matsalar take: harufan farko uku ne, K, N da W, alƙaluma goma, harufan baya biyu, jimillar 1x2 ke nan 20,280 a takarda, alhali 'yan Extra sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba. Duk wadda ta buɗe, mutane da dama ne ke faɗa mata rana guda. Na san masu zuba dala 35 wata bayan wata suna jiran ƙuri'a ta faɗo kansu. In kana da hali da haƙuri, ba laifi. Amma ka yanke wa kanka iyaka tun kafin ka fara, ka ce sau kaza zan gwada, don kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Shi ya sa nake yawan tura mutane wajen 2x2 da 1x3. Irin wancan lissafi yana ba 1x3 fiye da rabin miliyan, kullum akwai na banza a ciki, kuma sau da yawa kai kaɗai ne mai nema. Alama biyar ce, daidai da 2x2. Mai Technician ma zai iya samunta yau ba sai ya jira wata jarrabawa ba.

Wani tarko kuma yana ƙasan jerin. Hukuma za ta bi daga sama ta ba ka ta farko da ta samu a buɗe, ba za ta tambaye ka ko har yanzu kana so ba. Kada ka cika gurbi 25 don dai a cika. Duk lambar da ba za ka yi farin cikin ɗauka a madadin taka ta yanzu ba, kada ta shiga jerin, domin ranar da aka ba ka ita, tsohuwar ta fita daga hannunka nan take.

To wace ce lamba mai kyau? Kuskuren da na fi gani shi ne zaɓe da ido. Mutum ya ga harufan sunansa, ko wata kalma mai ban sha'awa a rubuce, ya ce ya samu. Amma lambar kira ba karanta ta ake yi ba, jin ta ake yi, cikin shuu da ƙara, daga bakin wanda wataƙila ba ya jin yarenka. Tsohuwar tawa tana da S da H a jere a baya. A saƙon Mos, wanda ake aika harufa da gajeru da dogayen sautuka, S ɗigo uku ce, H ɗigo huɗu. Wani dare na yi kusan minti biyar da wata tasha mai nisa, siginarta tana hawa tana sauka, mutumin yana dawo mini da lambata a karkace, ina gyarawa, yana sake karkatawa, har yanayin ya rufe muka rabu ba ta shiga littafinsa daidai ba. Daren nan na san zan sauya.

In kana Mos, ka auna nauyin harufa, ba yawansu kawai ba. Dogon sauti ɗaya tsawon ɗigo uku ne. E ɗigo ɗaya ce tak, T dogo ɗaya, amma Q, J da Y kowanne yana da dogaye uku, sifili kuwa dogaye biyar ne. Don haka wata 1x3 mai sauƙin harufa tana iya riga wata 1x2 fita daga makulli. Sai dai sauƙin ma yana da iyaka: E a ƙarshen lamba sau da yawa ƙara ke haɗiye ta, K a ƙarshe kuma ana ɗaukarta alamar "ga ka nan, yi magana". In da murya kake aiki, ƙirga gaɓoɓin kalmomin da ake kiran harufa da su: November uku ce, Golf da Mike ɗaya-ɗaya. Ni abin da na yi, na rubuta guda shida a takarda, na riƙa faɗin kowacce da ƙarfi sau ashirin ina tuƙi, rediyon mota a kunne. Huɗu suka faɗi da kansu, harshe yana tuntuɓe a kansu.

Alƙalumin tsakiya ma abin dubawa ne. Asali yanki yake nunawa: 6 Kalifoniya, 2 Niyok da Niyu Jasi, 5 Tekzas da maƙwabtanta. A tsarin zaɓi za ka iya ɗaukar na kowane yanki cikin goman, ban da na wurare irin Alaska, Hawayi da Foto Riko, waɗanda sai mai adireshi a can. Amma mazaunin yamma mai ɗauke da 1, alƙalumin arewa maso gabas, ya shirya wa masu juya eriya gabas suna nemansa, kuma katunansa na ƙasashen waje za su bi ta ofishin rarraba katunan yankin da alƙalumin ya nuna, ba na inda yake zaune ba.

Akwai masu fifiko da ba sa jiran shekara biyun nan. Wanda ya taɓa riƙe lamba zai iya neman abarsa, haka dangi na kusa za su iya neman ta mamacinsu muddin matsayin lasisinsu ya kai, kulob ma yana iya ɗaukar ta tsohon ɗansa don tunawa. W1AW, tashar ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, da ke garin Newington, lambar Hiram Percy Maxim ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar. In mahaifinka ko kakanka ya yi wannan harka, duba tasa kafin ka duba ta kowa. Wannan doka ita ce kuma mafitar wanda ya sauya ya yi da-na-sani: cikin shekara biyu zai iya komawa tsohuwarsa, da wata dala 35.

Abin da ba a faɗa maka a ɗakin jarrabawa shi ne wahalar da ke biyo baya, kuma ita ce ainihin farashin sauyi, ko ta layi ce ko ta zaɓi. A Logbook of the World, kundin intanet na tabbatar da tuntuɓa, sai ka nemi sabuwar shaida ta manhajarsa TQSL, ka kuma adana tsohuwar don tuntuɓar da ka yi a da. Sai sauran shafuka da tsare-tsaren da ke ɗauke da lambarka: shafinka na QRZ, da eQSL, da rajistar DMR da D-STAR, da EchoLink, da Winlink, da manhajar FT8, da kowace na'urar da ka cusa wa lamba, musamman ta APRS, mai sanar da inda kake, da ke aika ta da kanta kana barci. Katunan da ka buga sun zama tarihi, lambar mota ma in da ita ka yi. Ni mako biyu na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da haka a zaman hira na farko bakina ya suɓuce na faɗi tsohuwar. Sai da na manna sabuwar da manyan harufa a jikin rediyo, daidai saman makirfo, na bar ta nan wata uku.