Gargaɗi ga masu ma'aikata a gida: wanda na biya ya tsare mana kwamfutoci shi ya kwashe min miliyan 4 da dubu 850

Yau kwana tara rabona da barcin kirki. Na rubuta wannan na goge ya fi sau biyar don kunya, amma jiya wata 'yar'uwa da muke layi ɗaya a Kantin Kwari ta ce min wani ya kira ta da irin maganar da aka yi min, kalma da kalma. Gara a yi min dariya da in yi shiru wata ta faɗa ramin da na faɗa.

Naira miliyan 4 da dubu 850. Ban da dubu 350 da na tura masa da hannuna a matsayin ladan aiki. Miliyan 5 da dubu 200 ke nan, kuɗin kayan da na ci burin sayarwa.

Kuma don Allah kada wani ya ce min sakaci ne. Shekarata 14 ina sayar da atamfa, leshi da shadda, sari da ɗai-ɗai. An sha turo min alat na bogi na gane. An sha kirana da sunan banki ana neman BVN na kashe waya. Tun kullen korona na 2020 rabin cinikina ya koma waya, da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya gagari yara, sai na ce kowa ya yi aikinsa daga gida. Akantana yana Kaduna, masu amsa oda a WhatsApp da Instagram ɗaya tana Zariya ɗaya tana Hotoro. Kowa da kwamfutarsa, ta ɗaya ma ƙannenta suna kallon fim a kai. Na san wannan ba daidai ba ne, abin yana damuna. Damuwar ce ma ta sa na saurare shi.

Har shago ya zo, da kaftani mai guga da katin shaida a wuya. Ya ce, “Hajiya, kin san akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023? Lambobin kwastomominki da adireshinsu suna kan kwamfutocin yaranki a gidajensu. Ranar da bayanan suka fita, tara tana iya kaiwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na cinikin shekara.” Ban yarda nan take ba. Na bincika, dokar gaskiya ce, hukumar NDPC mai kula da dokar gaskiya ce, tarar ma gaskiya ce. Lambar rajistar da ke kan takardarsa na duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana nan. To me kuma ya rage mutum ya yi?

Ga abin da yake dawo min kullum in na kwanta. Muna cikin magana aka kira azahar, ya ajiye jakarsa a gabana ya bi yaran shago masallaci. Da ya dawo ya ce, “Hajiya, ko ni na tambaye ki lambar da banki ya turo miki, kada ki ba ni. Duk wanda ya nemi wannan lambar ɓarawo ne.” Wallahi wannan maganar ce ta gama da ni. Na ce a raina ɓarawo ba zai koya min tsare ƙofa ba. Kuma bai taɓa neman lambar ba, ko sau ɗaya, don ba ya buƙatarta. Kullum sai na sake jin muryarsa: ko ni na tambaye ki. Da jakar da ya bari a gabana kamar wanda ba ya ɓoye komai.

Ranar Litinin ɗin da Alhajin da nake sari wurinsa a Legas ya kira yana tambayar kuɗinsa, na ce, “Alhaji, ai tun Juma'a na turo.” Ya yi shiru, sannan ya ce bai ga ko kobo ba, kuma shi bai canza asusu ba tunda muka fara hulɗa shekara 6. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Na tsallake wani abu. Bayan na biya dubu 350 ɗin, ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya ta bidiyo ya sa kowa ya sauke AnyDesk, ya karanto masa lambar da ta fito, wai zai saka musu kariya. Manhajar kanta ta halal ce, masu gyaran kwamfuta suna aiki da ita daga nesa. Abin da ba mu sani ba, ya saita ta da kalmar sirrinsa yadda zai shiga duk sa'ar da kwamfutar ke kunne ba sai an danna amincewa ba. Akantana ya kira ni a gefe ya ce, “Hajiya, wannan fa kamar ba wa baƙo makullin ɗaki ne.” Ni ce na ce masa ya ba shi haɗin kai, na riga na bincika. Ni da bakina.

Sati uku babu abin da ya faru. Duk Asabar sai ya turo rahoto mai alamomi kore, wai komai lafiya. Ashe zaune yake yana karanta imel ɗinmu, ya san wa muke sari wurinsa, nawa, yaushe muke biya, har yadda akantana yake rubuta min saƙo. Da takardar kuɗin kaya ta zo daga Legas, ya riga ya saita akwatin imel ɗin yana tura saƙon Alhaji wani lungu da ba a dubawa. Ya kwafi takardar, ya canza lambar asusu kawai, ya aiko daga adireshin da harafi ɗaya ya bambanta shi da na gaskiya. WhatsApp ɗin akantana kuma a buɗe yake a kan kwamfutar. Ranar Juma'a wajen ƙarfe 1:40, yaron yana masallaci, saƙo ya shigo min daga lambarsa: “Hajiya barka da Juma'a, Alhajin Legas ya canza asusu, ga sabon a takarda, ya ce a yi ƙoƙari yau don mota za ta tashi.” Haka yake rubutu, har gaisuwar. Na saka lambar, suna ya fito, sunan kasuwancin Alhaji ne in ban da kalma ɗaya a ƙarshe. Na gan ta. Na ce ƙila sabuwar rajista ya yi. Na danna. Miliyan 4 da dubu 850, daga wayata, da lambar sirrina.

Ɗan yayata da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Bayero ne ya tono duk wannan. Ya nuna min jerin shigar da aka yi cikin kwamfutar, wasu ƙarfe 2 na dare. A banki an nuna min kuɗin bai kwana ba, an rarraba shi asusu daban-daban tun yammacin Juma'ar, kuma tunda ni na tura da kaina sai da rahoton 'yan sanda da umarnin kotu za a bi sawu. Na kai rahoto, na kuma kai takardar koke ofishin EFCC na Kano. Lambar rajistar nan ashe ta wani kamfani ce da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya sa ba zan rubuta sunan ba. Hotunan hirarmu, rasit na dubu 350, takardar bogin da ta gaskiya gefe da gefe, duk suna hannuna, zan fitar da su da zarar lauya ya ce ba za su ɓata bincike ba.

In an ce miki an canza asusu, ki kira tsohuwar lambar da kika sani ki ji murya. Kada baƙo ya sa wa yaranki manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa. Ku duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinku, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a can da imel. Kwamfutar aiki ta zama ta aiki kaɗai.

Kiran minti ɗaya ne fa ban yi ba. Minti ɗaya, da lambar Alhaji tana cikin wayata shekara 6.

Abin da ya fi kuɗin ci min rai, ranar Litinin ɗin nan akantana na fara zargi. Na kira shi na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba, yana rantsuwa bai turo min komai ba, ni kuma ina karanto masa saƙon daga lambarsa. Yaron da ya gargaɗe ni. Mahaifiyarsa ta kira ni tana kuka. Jibi zan hau mota zuwa Kaduna in ba su haƙuri a gidansu, dilolin kayana kuma suna can Legas, Alhaji ya ce zai riƙe min su zuwa ƙarshen wata.