Garejin gyaran giya a hanyar Dukku, Gombe

A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40, motata Toyota Corolla ƙirar 2007 mai giya atomatik ta fara fizga idan za ta shiga giya ta biyu, sai na kai ta wani gareji da ke hanyar Dukku.

Abin da ya burge ni shi ne, bakaniken bai yi gaggawar cewa a sauke giya ba. Ya bar injin yana aiki har ya yi zafi, ya zaro sandar awon man giya, ya goga ta a farin ƙyalle, ya ce, “Alhaji, shinshina ka ji.” Man da asalinsa ja ne ya koma ruwan ƙasa, yana ƙauri. Ya bayyana mini cewa zafi ne babban abokin gabar wannan mai, kuma Corolla ta wannan shekara man giya na Toyota mai suna T-IV take sha, ba kowane jan mai da ake aunawa a bakin titi ba. Ya tsiyaye tsohon, ya wanke farantin ƙasan giyar da maganaɗisun da ke kama ɓarɓashin ƙarfe, ya duba rariya, sannan ya zuba sabo daga galan da aka buɗe a gabana.

Ya kuma gargaɗe ni da in daina sa giyar gaba alhali motar ba ta gama tsayawa daga ribas ba, halin da na daɗe ina yi.

Wurin ba shi da isasshiyar inuwa, kuma na jira kusan awa uku. Amma tun daga ranar na je Bauchi sau biyu, ban sake jin fizgar ba.