PRF, PRP ko garin ƙashi: abin da za ka duba kafin aikin dasashi a Kumasi

Idan ciwon dasashi ya ci ƙashin da ke riƙe haƙori, likita a asibitin Komfo Anokye ko a asibitin kuɗi zai iya kawo maka zaɓi fiye da ɗaya na cike gurbin ƙashin: PRF da PRP, waɗanda ake haɗawa daga jininka, ko garin ƙashi. Kafin zancen sidi nawa, ka nemi a nuna maka hoton ƙashin. Rami mai zurfin milimita 3 ko fiye, ƙuntatacce, wanda bangon ƙashi biyu ko uku suka kewaye, shi ke cikowa. In ƙashin ya zaizaye a shimfiɗe ne, babu ɗaya cikin waɗannan da zai dawo da shi. Kuma ba a fara tiyata sai an kankare dattin da ya daskare a saiwar haƙori, an jira mako 6 zuwa 8.

PRP da PRF duk daga jininka ake haɗa su, ana tattara ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, masu ɗauke da sinadaran warkar da rauni. PRP ne tsohon salo: ana zuba maganin hana daskarewa, a juya jinin a na'ura sau biyu, sannan a sa wani sinadari ya yi kauri. Ruwa-ruwa ne, ƙarfinsa na fita da wuri.

PRF, wanda likitan Faransa Choukroun ya fito da shi a 2001, ba a sa masa komai. Ana ɗibar jini a kwalabe masu cin mililita 10, a juya kamar minti 12 a gudun juyi 2,700 a minti, a ciro dunƙulen mai ruwan ɗorawa, a matse shi ya zama fata-fata, a cusa a ramin. Yana sakin sinadaransa sama da mako guda. Inda ake ɓata shi: jinkiri. In kwalba ta wuce minti biyu ba ta shiga na'ura ba, jinin ya fara daskarewa, dunƙulen ya fito ƙarami. Saboda haka ka tambaya ko na'urar tana ɗakin aikin.

Laushin PRF ne aibinsa. A rami mai faɗi yana lotsewa, sai an gauraya shi da garin ƙashi ya tokare wurin. A nan Musulmi zai so ya yi tambaya: garin ƙashi mai suna Bio-Oss daga ƙashin saniya ake yi, Emdogain (maganin da ake shafa wa saiwar haƙori) da Bio-Gide (fatar da ake rufe ramin da ita) kuwa daga alade. Akwai garin ƙashi na haɗin sinadari wanda babu dabba a ciki. Duk kayan waje ne, su ke ɗaga kuɗi.

Ga ƙuntataccen rami, PRF kaɗai ya wadatar sau da yawa, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Mai shan sigari da mai ciwon suga da bai daidaita ba kan yi asarar kuɗinsu. Bayan aiki a kiyaye wurin daga aswaki da buroshi har likita ya ba da izini, a riƙa kurkure baki da maganin da ya rubuta. Ba a auna nasara da hoto sai bayan wata 6 zuwa 9.