Katin Diamond a jirgin ruwan shaƙatawa: abin da ya amfane mu da abin da bai shafe mu ba

Kusan kowane kamfanin jiragen ruwan yawon shaƙatawa yana da ƙungiyar tsofaffin fasinjojinsa, kuma tun kafin ka sauka daga tafiyar farko za a fara kwaɗaita maka dawowa. Ni da maiɗakina a Ingila muke zaune, kuma mun daɗe muna yin hutunmu a jiragen Royal Caribbean, galibi daga tashar Southampton, wani lokaci daga Basalona. Sannu a hankali muka kai matakin Diamond a tsarinsu mai suna Crown & Anchor Society. 'Yan uwa da suka fara sha'awar irin wannan hutu suna yawan tambayata ko katin ya kai yadda ake zuzuta shi. Amsata ita ce yana da amfani na gaske, muna jin daɗinsa a kowace tafiya, amma ga Musulmin da ba ya shan giya kuma ba ya shiga ɗakin caca, darajarsa ba ta kai yadda ake lissafa ta a talla ba.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowane dare da ka kwana a jirgi maki ɗaya ne. In ka kama ɗaki na alfarma, maki biyu ne a dare. Wanda ya biya ɗakin mutum biyu shi kaɗai ma ana ƙara masa maki. Da maki 3 ka zama Gold, da 30 Platinum, da 55 Emerald, da 80 Diamond, da 175 Diamond Plus, sai ƙololuwa, Pinnacle, a maki 700. Shiga kyauta ne, kuma makin ba ya mutuwa ko ka yi shekaru ba ka hau jirgi ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da na fi yabawa a tsarin baki ɗaya, domin mai iyali ba kullum aljihu ke ba shi damar hutu ba. Akwai shekarar da hidimar gida da kuɗin makarantar yara suka hana mu motsawa ko'ina, da muka dawo mun tarar da makinmu inda muka bar shi.

Matakan farko ba su da abin dogon bayani. Ɗan rangwame a kan kofi da hoto da intanet, gayyata zuwa liyafar kyaftin daga Platinum, ragin kuɗi in ka kama ɗaki mai baranda, sai ruwan roba da ake ajiye maka a ɗaki ranar shiga in ka kai Emerald. Ragin ɗaki mai baranda kaɗai ne a cikinsu ya taɓa taɓa lissafina.

A Diamond ne abin yake canza kama. Kowane baligi yana samun abin sha huɗu kyauta a kullum, kowanne har na dala 14. Ana loda su ne a katin SeaPass, wato katin da yake mabuɗin ɗakinka kuma jakar kuɗinka a cikin jirgi. Ka miƙa wa ma'aikaci, ka ce a cire daga na Diamond, shi ke nan. Wanda ba ka sha yau ba ba ya tsallakawa gobe. Turawan da muke hira da su suna lissafa wannan a matsayin dala 56 a rana ga mutum ɗaya, kuma ga mai shan giya lissafin daidai ne. Mu kuwa namu ya tsaya a kofi mai madara, da lemon da ake matsewa a gabanka, da ruwan roba, da haɗin 'ya'yan itatuwa marar barasa, waɗanda kuɗinsu bai kai rabin wancan ba. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne. Kafin mu kai wannan mataki, ƙananan saye-sayen nan su ne suke kumbura mana takardar kuɗi a daren ƙarshe, musamman da yake duk abin sha da ka saya ana ɗora masa tukwicin kashi 18 cikin ɗari. Yanzu da safe maiɗakina za ta karɓi kofinta, ni in karɓi lemo, sauran kuma mu mayar da su ruwan roba mu zuba a jaka kafin mu sauka yawo a gari. Duk wanda ya taɓa sayen ruwa a bakin tashar jirgi a Norway ya san abin da nake nufi. A lura dai, shagon Starbucks da ke cikin wasu jiragen ba ya karɓar wannan kyauta, sai dai ka sha kofinka a sauran wuraren.

Abu na biyu shi ne falon da aka keɓe wa 'yan Diamond zuwa sama. Na ɗauka wurin nuna isa ne kawai, sai na tarar shi ne wurin da na fi zama. Akwai injin kofi da ba a kashewa dare da rana, da ɗan karin kumallo da safe, da kayan ƙwalama da yamma. A tafiyarmu ta mashigan tekun Norway, ranar da jirgi zai shiga Geiranger, na tashi sallar asuba barci ya ƙi dawowa, don a can lokacin bazara dare ba ya daɗewa. Na haura falon da carbina a aljihu. Ba kowa sai wani dattijo Bature da yake karanta jarida a wayarsa. Na haɗa kofi na zauna jikin gilashi. Jirgin nan mai ɗauke da dubban mutane yana tafiya a hankali tsakanin duwatsu biyu, ruwa na gangarowa daga samansu fari fat, ga 'yan gidajen gona maƙale a gefen dutse, ka rasa ta ina masu su suke hawa. Da rana ta ɗaga, saman jirgi ya cika maƙil da masu ɗaukar hoto, ko wurin tsayawa sai an yi turereniya. Ni kuwa na riga na ƙoshi da kallo a zaune.

Amma abin da ya fi kofi da kallo a falon shi ne ma'aikacin da aka ajiye don hidimar 'yan ƙungiya. Teburin karɓar ƙorafi na jirgi kullum da layi, musamman ranar farko da ta ƙarshe. Shi wannan kuwa kana zuwa za ka zauna a gabansa. Shi ya gyara mana lokacin cin abincin dare da ya ci karo da magariba, shi ya haɗa mu da shugaban masu kawo abinci don a riƙa nuna mana tun daren jiya abin da za a dafa gobe, mu tantance wanda babu naman alade ko giya a miyarsa. Yawancin abincinmu a jirgi kifi ne da ganyayyaki da girkin Indiya, wanda ba a rasa shi a babban ɗakin cin abinci ko a Windjammer, wato ɗakin da kowa ke ɗibar abinci da kansa. Ba sai kana da kati ake yi maka wannan ba, kowane fasinja zai iya nema. Bambancin shi ne ka gama cikin minti biyar, ba ka ɓata rabin yini kana bin ofisoshi ba.

Ana kuma ba da intanet na kwana ɗaya kyauta ga na'ura ɗaya, da hoto ɗaya. Intanet a teku yana da tsada, saboda haka mukan raba: ni in yi amfani da nawa a ranar farko da jirgi zai wuni a ruwa, ita ta ajiye nata sai wata ranar. A ranakun da aka tsaya a gari, layin waya ya wadatar. Da haka muke gaisawa da Hajiya a gida ba tare da mun sayi na mako guda ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne matsayin yana bin iyali. Miji da mata da suke gida ɗaya ana iya haɗa su, wanda ke ƙasa ya hau matakin ɗan uwansa, yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuma suna cin albarkacin iyayensu. Wata tafiya ta aiki ta sa makina ya ɗan wuce nata, da na kira aka haɗa mu, sai ga kati iri ɗaya. Ranar da ta ga nata ta ce, "Maigida, ashe ni ma na zama babbar mace a jirgin nan." Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ke kika ja mu tun farko."

Yanzu ga abin da katin ba ya yi. Ba ya rage tukwicin ma'aikata da ake cira kullum, wanda ya haura dala 18 a kan kowane mutum. Ba ya biya maka yawon gari in jirgi ya tsaya. Ba ya taɓa kuɗin jirgin sama ko na otal kafin ka isa tasha. Ga mai fasfon Najeriya ko na Nijar kuwa, babban aikin shi ne biza: tafiyar Norway ko ta Bahar Rum tana buƙatar bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuma in jirgi zai fita yankin ya sake shiga, sai biza mai ba da damar shiga sau da yawa. Ko kana Pinnacle, in takardunka ba su cika ba a bakin tasha za a bar ka. Sannan kaso mai tsoka na kyaututtukan da ake jerawa a takarda, a wannan kamfani da takwarorinsa, na giya ne da na caca, don an tsara su ne da wasu fasinjoji a zuciya ba mu ba. A wani kamfanin daban da muka taɓa gwadawa, kyautar maraba kwalbar giya ce aka ajiye mana a ɗaki cikin ƙanƙara. Na roƙi a musanya mana da lemo ko ruwa, aka ce tsari bai ba da dama ba. Haka ta zauna a kan tebur har na sa aka ɗauke ta. Abin ya sosa mini rai, ba don kuɗin kwalbar ba, sai don abu ne da ba zai ci su komai ba su gyara.

Inda nake jan kunnen 'yan uwa shi ne wajen bin mataki. Maki 80 dare 80 ne a ɗaki na talaka, wato tafiyar mako guda sau goma sha biyu. Ka lissafa kuɗin wannan, ka ajiye shi kusa da kofi huɗu a rana. Na ga masu kama ɗakin alfarma da ba su da buƙatarsa don makinsu ya ninka, na ga masu ƙin jirgi mai araha da hanya mai kyau don kawai ba na kamfaninsu ba ne. Waɗannan kyaututtuka gyara ce irin ta mai tumatir a kasuwa: tana da daɗi in dama sayen ya kama ka, amma ba mai sayen kwandon da ba ya buƙata saboda ita.

Kuma dokar tana hannun mai jirgi. A 2025 kamfanin Carnival ya sanar da cewa zai sauya tsarinsa daga ƙirga kwanaki zuwa ƙirga kuɗin da fasinja ya kashe, matsayi kuma ya zama na wa'adi maimakon na dindindin. Tsofaffin fasinjojinsu sun yi ta ƙorafi sosai. Wannan ya nuna cewa abin da ka shekara goma kana tarawa ana iya canza masa ma'auni da sanarwa ɗaya. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai sauyin da ya yi mana daɗi: tun 2024 matsayinka a Royal Caribbean yana bin ka zuwa jiragen Celebrity da na Silversea, da yake uwar kamfaninsu ɗaya ce. Diamond ɗinmu Elite ne a Celebrity.

Ga wanda yake tashi daga gida ba daga Turai ba, ina ganin kamfanin MSC ya fi kusa da hannu. 'Yan kasuwarmu sun san sunan a jikin kwantena a Apapa, iyali ɗaya ne suke da jiragen kayan da na shaƙatawar. Jiragensu suna tashi daga Dubai a lokacin sanyi, da Durban da Cape Town a Afirka ta Kudu. Ƙungiyarsu, Voyagers Club, tana ba da ragin kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin tafiyar kanta, kuma suna karɓar matsayin da ka samu a wani kamfani ko otal su ba ka makamancinsa kafin ka taɓa hawa jirginsu. Ragi a kan tikiti ya fi wa marar shan giya amfani a kan kofunan kyauta. Masu tafiya mai tsawo kuma su dubi kamfanin Princess, inda 'yan matakin Elite suke samun wanki da guga kyauta. Duk wanda ya yi mako biyu a jirgi da manyan kaya da yara ya san nauyin kuɗin wanki. Akwai kuma jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba na 2024, babu giya babu caca, abinci na halal. Shi ne muke shirin gwadawa nan gaba, mu haɗa da Umara, ko da ba zai ƙara mana maki ko ɗaya a katinmu ba.

Ga mai farawa, ka yi rajista da zarar ka gama tafiyar farko, ka tabbatar lambarka ta ƙungiya tana cikin kowane tikiti tun lokacin biya, ba sai ka shiga jirgi ba. Bayan an sauka da 'yan kwanaki ka duba ko an zuba makin, in babu ka kira da lambar tikitinka a hannu. Ka sa a haɗa ka da iyalinka. A ranar farko kuma ka je wurin jami'in ƙungiya da ke cikin jirgi ka karɓi jerin abin da matakinka ya ba ka, domin yawancin rangwamen yana cikin katin ne a ɓoye, in ba ka ambata wa ma'aikaci lokacin biya ba, cikakken kuɗi za a cire.